Kwale-kwalen ceto na bakin teku

Kwale-kwalen ceto na bakin teku ƙaramin jirgin ruwa ne mai inji wanda ma'aikatan ceto ke amfani da shi wajen tsamo masu iyo da ruwa ya fi ƙarfinsu. Ya bambanta da manyan jiragen ceto masu fita tsakiyar teku neman jirgin da ya lalace. Shi aikinsa bai cika wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga gaɓa ba, daidai inda raƙuman ruwa ke fashewa. Hukumomin biranen gaɓar teku da ƙungiyoyin sa-kai ne suka fi mallakarsa, a wasu wuraren kuma hukumar kashe gobara.

Babban abin da ke sa a buƙace shi shi ne ruwa mai ja: wata siririyar hanya da ruwan da ya taru a gaɓa ke bi da ƙarfi ya koma cikin teku. Gudunsa kan kai kusan mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya, ya wuce na kowane gwanin iyo. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka, USLA, ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ceton da ake yi a gaɓoɓi masu raƙuman ruwa, wannan ruwan ne sanadinsa. Mai ceto da ya shiga da iyo mutum ɗaya zai iya riƙowa, kuma a gajiye zai dawo. Idan ruwan ya kwashi mutum biyar a lokaci guda, to, sai inji.

Tarihi

Kafin zuwan inji, masu ceto a Ostireliya da igiya suke aiki. Mutum ɗaya zai ɗaura ɗamara ya shiga ruwa, abokansa na sakar masa igiya daga wani babban ƙwarƙwaro a gaɓa, in ya kama wanda yake nema sai su jawo su tare. Da wannan dabarar aka fuskanci abin da ya faru a gaɓar Bondi ta birnin Sydney ranar 6 ga Fabrairu 1938, lokacin da wasu manyan raƙuman ruwa suka kwashi ɗaruruwan masu wanka. An tsamo kimanin mutum 250, biyar suka rasu.

Kwale-kwalen roba da ake bugawa iska ya shiga aikin ceto ne daga Birtaniya. Ƙungiyar ceto a teku ta ƙasar, RNLI, wadda aka kafa a 1824, ta fara amfani da shi a 1963 don ceto kusa da gaɓa. A cikin shekarun 1960 ɗin ne ɗaliban kwalejin Atlantic da ke Wales, ƙarƙashin shugabanta Desmond Hoare, suka gaji da yadda duwatsu ke yayyaga ƙasan kwale-kwalensu, suka yi masa ƙasa mai tauri suka bar roba a gefe. Fam ɗaya kacal aka sayar wa RNLI haƙƙin wannan ƙirƙira, kuma daga ita aka samu samfurin Atlantic 21 da ya fara aiki a 1972. Wani ɗan Ostireliya, Warren Mitchell, ya ga irin na robar a Birtaniya, ya kai dabarar gaɓar Avalon ta birnin Sydney a 1969. Sannu a hankali ta ture aikin igiya.

Iri da yadda ake aiki da shi

Wanda aka fi gani shi ne na roba mai tsawon kusan mita huɗu, da injin baya mai ƙarfin doki 25 zuwa 30. Mutum biyu ke shiga. Matuƙi yana baya riƙe da inji. Na biyun yana gaba, ƙafafunsa cikin maɗauri, hannunsa a kan igiya, yana danne goshin kwale-kwalen da nauyin jikinsa don kada raƙumin ruwa ya ɗaga shi ya kifar. Da sun isa, matuƙi zai juya ta yadda mai nutsewa zai kasance a gefe, na gaban ya cafke shi ta hamata ya mirgino da shi ciki, duka kafin raƙumi na gaba ya iso. Ana sa wa farfela kejin ƙarfe saboda mutanen da ke cikin ruwa. An daɗe ana fifita ƙaramin inji mai shan fetur gauraye da baƙin mai, domin ba shi da nauyi, kuma ko ya kife ana iya cire fulogi a fitar da ruwan a sake tayar da shi.

Akwai kuma babur ɗin ruwa mai jan faifan ceto a baya, wanda masu ceton Hawai irin su Brian Keaulana suka yi fice wajen amfani da shi. Ba shi da farfela a waje, ga saurin juyawa, amma ba ya ɗaukar mutane da yawa. Manyan yankuna kamar gundumar Los Angeles suna da jiragen sintiri masu ɗaki da ake kira Baywatch, waɗanda ke kwana a tashar jiragen ruwa.

Sayensa

Idan birni zai saya, shugaban masu ceto ne kan rubuta buƙata, majalisar birni ta amince da kuɗin a kasafi, sannan a nemi kamfanoni su kawo tayi. Wani lokaci kuɗin daga tallafin gwamnati yake fitowa ko gudummawar jama'a. RNLI ma galibin kuɗinta daga gudummawa da wasiyyar mutane ne.

Tambayar farko ita ce daga ina za a tura shi ruwa. Gaɓar yashi da babu tasha tana son mara nauyi da mutum biyu ko uku za su iya ja daga tirela su shiga da gudu. Mai ƙasa mai tauri ya fi gudu da juriya a buɗaɗɗen ruwa, amma yana buƙatar gangara ko motar ja, kuma duk mintin da aka ɓata wajen sauke shi, daga lokacin mai nutsewa ake cire shi. Nan ne wasu majalisu ke kuskure: babban jirgi ya fi kyan gani ranar ƙaddamarwa.

Kuɗin saye kuwa somin taɓi ne. Gishirin teku yana cin inji, don haka dole a wanke cikinsa da ruwan daɗi bayan kowace fita. Rana tana busar da roba. Nau'in robar da ake kira Hypalon ta fi wadda ake kira PVC jure zafi, amma ta fi tsada. Ga fetur, faci, inshora, rigunan ceto, hular kwano, rediyon oba-oba da rumfar ajiya. Sannan ga horo, wanda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci, har da atisayen miƙar da kwale-kwalen da ya kife a cikin raƙuman ruwa. Dole kuma jadawalin aiki ya tanadi matuƙi mai takardar shaida a kowane zagaye, da wanda zai tsaya a hasumiyar tsaro yana duban sauran masu iyo yayin da biyun suka shiga ruwa.