Yadda ƙwayar ƙarfe ke fitar da murɗaɗɗen zaren kabon

Ɗaliban kimiyya na wata sakandare a karkarar Ringim ne suka kawo waɗannan tambayoyi.

Malam, wane irin zare ne wannan?

Kabon ne, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. A ɗakin gwaji yakan fito siriri, a nannaɗe zagaye bayan zagaye. Da nanomita ake auna kaurinsa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, don haka sai da madubin bincike mai aiki da lantarki ake ganinsa. Tun 1953 masana a Ingila suka ba da rahoton ganin irinsa, amma sai wajen 1990 Seiji Motojima na Jami'ar Gifu a Japan ya samo hanyar samar da shi da yawa.

Ina ƙarfe ya shigo ciki?

Ana zuba ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ko nikel ko kobal a tanderun da zafinsa ya kai wajen digiri 700, sannan a tura iskar asitilin. Kun san ta, ita ce mai walda ke samu idan ya zuba wa kabaid ruwa. Da iskar ta taɓa ƙwayar sai iskar ta tarwatse zuwa sinadarai biyun da ke cikinta, kabon da haidurojin; haidurojin ya yi gaba, kabon ya ratsa ƙarfen ya ɓullo ta ɗaya gefen. Haka zaren ke ta tsawo, sau da yawa ƙwayar na maƙale a kansa yana turo ta.

To me ke murɗa shi?

Nan gizo ke saƙar. Ƙwayar tana da fuskoki daban-daban, kuma ba da gudu ɗaya suke fitar da kabon ba. Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san idan sa ɗaya ya fi abokinsa sauri, kunya karkacewa take yi ta ɓangaren mai nawar. Idan bambancin saurin ya ɗore bai canja ba, karkatar ba ta tsayawa, sai zaren ya yi ta zagayawa. Shi ya sa ake gauraya ƙarfen da kuza ko indiyom, ko a sa wa nikel ɗan farar wuta, don a ƙara wannan rashin daidaiton da gangan.

Akwai bayani na biyu game da zare mai rami a ciki. Bangonsa saƙa ce ta zobba masu kusurwa shida. Idan masu biyar da masu bakwai suka shiga a jere, dole bangon ya lanƙwashe. A ganina bayanan biyu ba kishiyoyi ba ne.

Kenan akwai shi a kunkunniyar mai walda?

A'a. Kunkunniya dunƙulallen kabon ce da ya taru a iska barkatai, babu ƙwayar da ta yi masa jagora.

Me za a yi da shi?

Yana miƙewa ya koma, yana ɗaukar lantarki, yana kuma shanye igiyoyin rediyo, shi ya sa ake gwada shi a na'urorin gane taɓi da fentin kare kayan lantarki. Abin da ya rage wa masana shi ne su iya fitar da zarurruka masu murɗi iri ɗaya a kowace dahuwa.