Lissafin Raga na Ƙarfin da ke Ɗaure Kwak da Guluwon

Lissafin raga, wanda masana fiziks ke kira QCD ta raga, hanya ce ta amfani da manyan kwamfutoci wajen warware ka'idar ƙarfin da ke riƙe da cikin furoton da niyutiron. Ana ɗaukar ɗan mitsitsin sarari da ɗan taƙaitaccen lokaci a yanka su gida-gida su zama raga, a ɗora kwak, wato 'yan ƙwayoyin da ke cikin furoton da niyutiron, a kan mahaɗun ragar, guluwon da ke ɗaure su kuma a kan zaren da ke tsakanin mahaɗa da mahaɗa, sannan a bar na'ura ta yi ta ƙirga. Har yau ita ce hanya mafi inganci ta fito da nauyin furoton kai tsaye daga ka'idar kanta.

Tushen matsalar

A shekarar 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo ra'ayin cewa furoton da niyutiron suna da 'yan ƙwayoyi a ciki, wato kwak. Yanzu an san iri shida ne, kuma biyu mafiya sauƙin nauyi su ne ginin duk abin da muke taɓawa. Kowane kwak yana ɗauke da wani caji iri uku da ake kira launi, guluwon takwas kuma su ne 'yan aiken da ke kai ƙarfi tsakaninsu. An ga alamar guluwon a 1979 a cibiyar DESY da ke Hambug a Jamus.

Guluwon kansa yana ɗauke da launi, don haka guluwon na jan guluwon. Daga nan wahalar ta taso. A 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna cewa idan kwak biyu suka matsi juna ƙwarai, ƙarfin da ke tsakaninsu yana raguwa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2004. A wannan yanayi biro da takarda sun isa, ana tara gyara kan gyara, kowane ya fi na gabansa ƙanƙanta. Amma da zarar tazara ta kai faɗin furoton, kimanin femtomita ɗaya (mita ɗaya da aka raba gida miliyan sau biliyan), ƙarfin ya yi girman da gyare-gyaren ba sa raguwa, dabarar ta watse. Kuma a daidai nan tambayoyi masu nauyi suke: me ya sa ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba, kuma daga ina furoton ya samo nauyinsa? Nauyin furoton MeV 938 ne (MeV ma'aunin makamashi ne da ake auna nauyin ƙwayoyi da shi), alhali kwak ukun da ke cikinsa in an haɗa nauyinsu da ƙyar suke kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi.

Yadda ake lissafin

Kenneth Wilson na Jami'ar Cornell a Amurka ne ya shimfiɗa tsarin ragar a 1974. Hikimarsa ita ce ya yanka sarari ba tare da ya karya daidaiton launi ba, wanda shi ne ƙashin bayan ka'idar. Ragar tana da kusurwa huɗu, uku na sarari, ɗaya na lokaci, kuma ana juya lokacin ta wata dabarar lissafi har ya zama tamkar wani tsawo na huɗu. Da wannan juyi, kowane irin yanayi da guluwon za su iya kasancewa a kan ragar yana samun maki da ke nuna yawan yiwuwarsa.

Yanayin ba su ƙirguwa. Raga mai mahaɗa 64 a kowace kusurwar sarari da 128 ta lokaci tana da mahaɗa sama da miliyan 33, kowace da zare huɗu, kowane zare da lambobi takwas, jimilla lambobi fiye da biliyan ɗaya da za su iya canzawa. Saboda haka ake ɗiban samfuri. Mai sayen masara a kasuwar Saminaka ba ya zazzage buhu ɗari don ya san ingancin kaya. Yakan soka ƙarfen nan mai rami a buhu nan da can, ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya duba, in ya soki wurare da dama ba tare da son rai ba ya san abin da ke cikin motar. Haka dabarar Monte Carlo take aiki: kwamfuta na samar da ɗaruruwa ko dubban yanayi gwargwadon makinsu, a auna abin da ake so a kowane, a ɗauki matsakaici. Kuskuren yana raguwa a hankali, sai an ninka samfuri sau huɗu kafin ya ragu da rabi.

Michael Creutz ne ya fara gwada wannan da gaske a ɗakin bincike na Brookhaven wajen 1979 zuwa 1980, a kan 'yar ƙaramar raga mai launi biyu. Don samun nauyin ƙwaya kuwa, ana ƙirƙirar ta a wani lokaci a kan ragar, a duba yadda alamarta ke dusashewa yayin da lokaci ke tafiya. Saurin dusashewar shi ne nauyin. Daga nan a maimaita aikin da tazarar raga daban-daban, galibi tsakanin femtomita 0.05 da 0.12, a bi sawun amsar zuwa inda tazarar za ta zama sifili. Wanda ya tsallake wannan mataki bai gama aiki ba, komai kyan lambar da ya samu.

Kwak ne suka fi ba da wuya. In aka ɗora su a raga kai tsaye, kowane guda sai ya fito sha shida, kuma a 1981 Holger Nielsen da Masao Ninomiya suka tabbatar cewa ba a rabuwa da wannan sai an sadaukar da wani abu. Shi ya sa ake da salo da yawa na ɗora kwak, kowane da ribarsa da hasararsa. Shekaru masu yawa ana yin watsi da kwak masu ɓullowa su ɓace a cikin sarari saboda tsadar lissafinsu, abin da ya jawo kuskuren da ya kai wajen kashi goma cikin ɗari. Dabarar da Duane da Kennedy da Pendleton da Roweth suka fitar a 1987 ce ta buɗe hanyar sa su cikin lissafi. Yunwar na'ura ta sa masanan suka shiga ƙera nasu injunan, irin su APE a Italiya da QCDOC a Jami'ar Columbia, wanda ƙirarsa ke da dangantaka da Blue Gene na kamfanin IBM.

Abin da aka samu

Ragar ta nuna cewa in aka raba kwak da kishiyarsa, wato takwaransa mai akasin caji, guluwon na tattaruwa su zama siririyar igiya a tsakaninsu, mai ja da ƙarfin da bai raguwa da nisa, kwatankwacin nauyin tan goma sha wani abu. In aka ci gaba da ja, igiyar ta tsinke, sabbin kwak biyu su fito a bakin tsinkewar. Dalilin da ya sa ba a samun kwak shi kaɗai ke nan. An gani a lissafin na'ura, amma cikakkiyar hujjar lissafi ba ta samu ba, kuma tun 2000 Cibiyar Clay ta sa dala miliyan ɗaya kan wata tambaya mai alaƙa da ita.

A 2008 ƙungiyar masana daga Budafes da Marsai da Wuppertal ta lissafo nauyin furoton da danginsa, ya dace da awo. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nufin kusan duk nauyin jikin mutum, da na dutse, da na ruwan Kogin Kaduna, makamashin kwak da guluwon ne da ke ɗaure a wuri guda. A 2015 suka ƙara da bambancin nauyin niyutiron da furoton, wanda awo ya ba da MeV 1.29 kacal. Ragar ta kuma nuna cewa a zafin kusan MeV 155, wajen digiri tiriliyan biyu, furoton da niyutiron na narkewa sannu a hankali su zama ruwan kwak da guluwon, irin wanda aka samar a na'urar RHIC ta Brookhaven da gwajin ALICE a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai. A 2021, lokacin da awon maganaɗisun ƙwayar miyuwon, 'yar'uwar ilektiron mai nauyi, a ɗakin bincike na Fermilab a Amurka ya saɓa da hasashen ka'ida, lissafin raga ne ya ba da lambar da ta fi kusa da awon, kuma zuwa 2025 masu hasashen sun karɓe ta.

Inda ta cije

Idan aka cusa kwak da yawa a ɗan wuri, kamar a cikin tauraron niyutiron, makin yanayin ya daina zama lamba mai nuna yiwuwa, samfuri na soke juna, dabarar ta tsaya. Ana kiran wannan matsalar alama, kuma ba a shawo kanta ba. Bin motsin ƙwayoyi daƙiƙa bayan daƙiƙa ma yana cin karo da ita.

Ga ɗalibi a Kaduna

Ƙarfin da ke riƙe da cibiyar atam a tukunyar bincike ta nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke aiki tun 2004, rarar wannan ƙarfi ne da ke malalowa daga cikin furoton da niyutiron, don haka batun bai yi nisa da ajin fiziks na jihar ba. Manyan lissafin suna buƙatar injuna masu cin wutar unguwa guda. Na koyo kuwa bai buƙatar haka. Kwamfutar cinya ta yau ta fi wadda Creutz ya yi aiki da ita, manhajoji irin su Chroma da openQCD kyauta ne a intanet, kuma ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna da ya iya aljabara ta matiris da ɗan rubutun Python zai iya gina raga mai mahaɗa takwas a kowace kusurwa, 4,096 ke nan, ta guluwon zalla. Abin kula shi ne ya sa manhajar ta riƙa adana yanayin ragar a kai a kai, yadda in wuta ta ɗauke zai ɗora daga inda ya tsaya, sannan ya zubar da samfuran farko kafin ragar ta daidaita, ya fara awo da madaukin Wilson mafi ƙanƙanta, wato zagayen zare huɗu da ke kewaye gida ɗaya na ragar.