Bangon Gilashi da Ƙa'idar Tsimin Makamashi a Gine-gine

Duk mai shirin lulluɓe fuskar bene da gilashi a Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ya kamata ya san ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar a 2017, da tallafin GIZ, hukumar Jamus mai tallafa wa ayyukan raya ƙasashe. Ta shafi ofisoshi da gidajen zama.

Ƙa'idar ba ta haramta bangon gilashi ba, iyaka ta sa masa. A kowace fuskar gini, faɗin tagogi ba zai wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango ba, in kuwa ya wuce, wajibi ne a yi wa gilashin inuwa. Bangon da kusan dukkansa gilashi ne ya tsallake wannan iyaka nesa ba kusa ba, don haka mai zanen gini yana da zaɓi biyu: ko dai ya tanadi rumfuna da faifan kare rana, ko kuma ya nuna da lissafin kwamfuta cewa ginin ba zai ci wuta fiye da takwaransa da ya bi ƙa'idar dalla-dalla ba. Dalilin a bayyane yake, domin ranar la'asar da ta ratsa gilashin yamma zafi take zama a ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta fama, janareta kuma ya yi ta shan mai.

Sai dai lissafin takarda daban, aikin hannu daban, musamman a bangon da ake harhaɗawa a wurin gini. A nan ma'aikata ne ke kafa sandunan alminiyum tsaye da kwance, su ɗora gilashi ɗaya bayan ɗaya, su toshe gaɓoɓin da roba da silikon suna tsaye a kan katakon hawa. Gaɓar da aka yi wa aikin gaggawa za ta riƙa fitar da sanyi tana shigo da ƙurar hunturu, alminiyum kuwa mai saurin ɗaukar zafi ne idan ba a raba cikinsa da wajensa da abin tare zafi ba. A ganina, duba aiki kafin a sauke katakon hawa ya fi tsadar gilashin muhimmanci.

Ba da izinin gini hurumin jihohi ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003, saboda haka ƙa'idar tarayya tana zama tilas ne a inda hukumomin jiha suka rungume ta. Ya dace mai gini ya tambayi Hukumar Raya Birane ta Jihar Kebbi sharuɗɗanta tun kafin ya yi odar gilashi.