Tsuntsu da ƙaramin jirgin sama: abin da doka ta tanada da wanda ta bari

Mutane da yawa sun ɗauka kowane jirgin sama sai an gwada shi da karon tsuntsu kafin a ba shi izinin tashi. Ba haka ba ne. A dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, babban jirgin fasinja dole gilashin gabansa ya jure tsuntsu mai nauyin kilo 1.8. A cikin ƙananan jirage kuwa, masu ɗaukar fasinja 10 zuwa 19 kaɗai aka ɗora wa sharaɗi, shi ma na tsuntsun da bai kai kilo ɗaya ba, kuma a gudun da jirgi ke yi lokacin da ya doshi sauka. Jirgi mai kujera biyu ko huɗu, irin wanda ake koyon tuƙi da shi, ba a wajabta masa wannan gwaji ba.

Wannan giɓi yana damuna. Ƙananan jirage sun fi yawo ƙasa-ƙasa, inda tsuntsaye suke, galibi da matuƙi ɗaya da inji ɗaya. Ungulu ta fasa gilashi ta shigo, fuskar matuƙin za ta fara samu, kuma babu na biyu da zai karɓi tuƙin. Gudu ma yana ƙara tsananin abin: idan ya ninka sau biyu, ƙarfin karon ya ninka sau huɗu.

Don haka nauyin ya koma kan filin jirgi da matuƙi. Ƙa'idar ICAO, ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta umarci hukumomi su auna haɗarin tsuntsaye a kowane fili, su kawar da juji da duk abin da ke janyo su kusa da shi, sai dai idan bincike ya nuna ba zai jawo matsala ba. Shawarar ƙungiyar ita ce a sa ido har nisan kilomita 13 daga filin. Mahauta da tafkuna duk suna cikin abin lura.

Shi kuma matuƙi ana ba shi shawarar ya rage gudu, ya guji wuraren da tsuntsaye ke taruwa, kuma idan ya yi kiciɓis da su ya yi sama, domin tsuntsu in ya firgita yakan yi ƙasa. Bayan ya sauka, ya kai rahoto. A Amurka ba tilas ba ne, amma da rahoton da ragowar gashin tsuntsun ne masana ke gane wane tsuntsu ne, filin ya san da wa zai yi fama.