Gidajen Kutare na Ingila a Zamanin Tsakiya

Gidajen kutare wurare ne da sarakuna, shugabannin coci da attajirai suka gina domin masu ciwon kuturta, kuma daga ƙarshen ƙarni na 11 zuwa 1350 an kafa sama da 300 a Ingila. Ɗaya daga cikin na farko shi ne na Harbledown, kusa da Kantabari, wanda Babban Bishop Lanfranc ya kafa wajen 1084.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan gidaje tamkar kurkuku, amma inda aka gina su ya nuna akasin haka. Ana kafa su ne a bayan gari, a bakin babbar hanya ko kusa da gada, inda fatake da masu ziyarar ibada za su wuce su ba da sadaka, domin mutanen lokacin sun yi imani cewa wahalar kuturu tana kankare zunubi, saboda haka addu'arsa abin nema ce. Mazauna gidan sukan yi noma da kiwo, suna bin ƙa'idar ibada. A 1179 taron Lateran na uku, wato babban taron shugabannin cocin Katolika a Roma, ya ba kutaren da ke zaune tare damar samun cocinsu da limaminsu da makabartarsu, ya kuma yafe musu ushirin lambunansu da dabbobinsu.

Cocin kutare na Stourbridge a Kambirij, wanda aka gina wajen 1125, yana nan tsaye har yau: ƙaramin gini ne na dutse mai ƙananan tagogi. Sarki John ya ba gidan izinin cin kasuwar shekara a watan Satumba domin samun kuɗin shiga. Zuwa 1279 babu sauran kuturu a wurin, amma kasuwar ta bunƙasa har ta shiga sahun mafi girma a Turai, cocin kuwa ya koma ma'ajiyar kayan rumfuna, abin da ya cece shi daga rushewa.

A Winchesta, masu tonon kayan tarihi sun gano kaburbura da aka haƙa da kulawa, ciki har da na wani saurayi mai kuturta da aka binne da ɓawon kifin teku, alamar wanda ya kai ziyarar ibada Santiago, wuri mai tsarki na Kirista a Spain. Wannan kabari shaida ce mai ƙarfi cewa ba a yar da shi ba.

Da cutar ta ja baya a ƙarni na 14, gidaje da yawa sun koma masaukin tsofaffi da matalauta, kamar na Harbledown. A Landan, Sarki Henry na Takwas ya gina fadar St James a filin wani tsohon gidan kutare mata.