Ba Sai Yumɓu Ya Tsage a Fuska Ba

Mata da yawa a Kaduna sun ɗauka sai yumɓun wanke fuska ya bushe ƙayau har ya tsattsage kafin ya yi aiki. Ba haka ba ne. Tun yana ɗanye yake tsotse maiƙo. Da zarar ya bushe, damshin fata yake ja, ta yi kaushi, balle da hunturu.

Ki kwaɓa cokalin shayi ɗaya da ruwa, ki shafa, ki wanke bayan minti 5 zuwa 10, tun yumɓun na da sauran laima. Sau biyu a mako ya isa. In goshi, hanci da haɓa kaɗai ke maiƙo, ki ƙyale kumatu. A cikin ire-iren yumɓun, wanda ake kira kawolin ya fi wanda ake kira bentonait sauƙi ga fata.