Waiwaye: yadda takardar allurar kare ta koma hannun ma'aji a Virginia

Abin da ya ja hankalina a dokar jihar Virginia ta Amurka kan allurar haukan kare shi ne inda takardar ke zuwa. Ni da na ɗauka ofishin lafiya ake kaiwa, ashe ofishin ma'aji ne, wato mai karɓar haraji na ƙaramar hukuma.

Toh bari mu koma baya kaɗan. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro Joseph Meister allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Amma yi wa mutum allura bayan cizo magani ne na mutum ɗaya, abin da ke kashe cutar a gari shi ne a yi wa karnukan kansu. Amurka ta kama wannan hanya sosai bayan yaƙin duniya na biyu, ana allura, ana ba kare lasin da 'yar lamba a wuya, ana kwashe na yawo a titi, har a 2007 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta sanar cewa nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka ya ƙare a ƙasar.

Sai dai cutar ba ta bar daji ba. A Virginia ma nan ne wata sabuwar masifa ta ɓullo wajen 1977, a kan iyakarta da West Virginia, cikin rakun, wata dabbar daji mai baƙin zane a ido kamar ta sa tabarau. Asalin abin mafarauta ne suka kwaso rakun daga kudu, wajen Florida, suka sake su don farauta, ashe da masu cutar a ciki, daga nan ta bi gabashin ƙasar kamar wutar daji. Shi ya sa har yau dole ne duk karen da ya kai wata 4 a yi masa allura kuma a yankar masa lasin.

Matsalar ita ce mutane da yawa suna yin allurar amma lasin sai su yi shiru, hukuma kuma ba ta san kare nawa ne a gari ba. Shi ne majalisar jihar ta yi doka a 2006, ta fara aiki a 2007: likitan dabbobi in ya yi wa kare allura, cikin kwana 45 ya tura bayanin ga ma'aji, sunan mai kare da adireshi da kamannin karen. In kwana 90 suka wuce ba ka nemi lasin ba sai ka ga fom ya biyo ka gida. Likitan da ya ƙi turawa da gangan tararsa ba ta wuce dala 10 kan kowace takarda, kuɗin lasin ɗin ma a shekara bai wuce haka ba.

An yi ƙorafi kam, likitoci na cewa an mayar da su 'yan rahoton haraji, masu karnukan farauta na cewa ina ruwan gwamnati da yawan karnukansu. Kuma gaskiya ni ina ganin ƙorafin na da tushe a waje ɗaya, wanda ya kai karensa allura shi ake kamawa, wanda bai taɓa kaiwa ba sunansa ba ya cikin kowane littafi, kaga an bar jaki ana dukan taiki kenan.

Amma fa ƙidayar na da amfani. Hukumar lafiya ta duniya WHO na cewa sai an yi wa kashi 70 na karnukan yanki allura kafin a katse cutar, cutar da ke kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kashi 70 na nawa? Nan wajenmu in kare ya ciji yaro a unguwa tambayar farko ita ce ko an yi masa allura, mai shi ya ce an yi, a ce ina takarda, ya shiga ɗaki nema.